Inda gani bai kori ji ba: masu sauraron koguna da duwatsun mutanen farko

A shekarar 1983 wani malamin jami'a a Faransa mai suna Iegor Reznikoff ya shiga kogon Le Portel da ke gindin tsaunukan Pyrenees. Mutum ne da ya ƙware a tsoffin waƙoƙin coci, kuma yana da wata ɗabi'a: duk ɗakin da ya shiga sai ya ɗan yi gunji ƙasa-ƙasa, baki rufe, don ya ji yadda ɗakin zai amsa masa. Haka ya yi a cikin kogon. Yana tafe yana gunjinsa, sai ya lura a wasu wuraren muryar na mutuwa nan take kamar an lulluɓa mata bargo, a wasu kuwa dutsen ya cafe ta, ya kumbura ta, ya mayar masa da ita. Da ya haska fitila a irin waɗannan wurare masu amsawa, sau da yawa sai ya tarar da zane a bango: doki, ko wata irin ɓauna, ko ɗigon jar ƙasa kawai a can cikin wani matsattsen lungu da sai da rarrafe ake shiga.

Bayan shekara biyar, a 1988, shi da wani masanin tarihin mutanen farko, Michel Dauvois, suka wallafa abin da suka gano a koguna uku na yankin Ariège, wato Le Portel da Niaux da Fontanet. Iƙirarinsu shi ne, mutanen da suka yi waɗannan zane-zane fiye da shekara 13,000 da suka wuce da kunne suka zaɓi bangon da za su zana.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma babu inda karin maganar nan ta yi sarauta kamar a fagen binciken kufai. Mai tonon kufai abin da ido ke gani yake nema: ƙashi, katanga, sakaina, kan kibiya, toka. Ya auna, ya ɗauki hoto, ya zana taswira. Sauti kuwa ba ya barin toka. Waƙar da aka rera a bakin kabari shekara dubu biyar da suka shige ta tafi tun kafin masu makoki su koma gida. Don haka aka daɗe ana gabatar mana da mutanen dā kamar kurame, alhali duk wanda ya taɓa halartar naɗin sarauta ya san rabin kwarjinin wurin a kunne yake. Cire tambari da kakaki da algaita daga hawan salla ka ga abin da zai saura.

Waƙar ta tafi, amma ɗakin da aka rera ta yana nan. Wannan shi ne ginshiƙin fannin binciken sautin wuraren mutanen dā baki ɗaya. Dutse yau yana mayar da sauti yadda ya mayar da shi jiya, in dai siffarsa ba ta sauya ba. Abubuwa uku ake aunawa, kuma ana yawan cakuɗa su. Na farko amsa-kuwwa: ka yi kira, muryarka ta daki dutse ta dawo a rarrabe. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa ɗaya cikin iska, kunne kuma yana bukatar tazarar kimanin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kafin ya raba kiran da amsar, shi ya sa sai dutsen ya kai nisan mita 17 ko fiye kake jin amsa-kuwwa sosai. Na biyu shi ne abin da zan kira wutsiyar amo, wato yadda sauti ke jan jiki a cikin rufaffen wuri kafin ya mutu, irin abin da kake ji in liman ya ja ƙira'a a babban masallaci kafin jama'a su cika shi. Na uku ƙugi: kowane ɗaki yana da wani kaurin murya da yake so, in ka dace da shi sai ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya har ka ji a ƙirjinka. Yaron da ya taɓa zura kai cikin randa babu ruwa ya yi "uuu" ya san wannan tun bai ji sunan kimiyya ba.

Yanzu ka sa kanka a matsayin mai shiga Niaux a wancan zamani. Babban zauren da aka fi yi wa zane yana can ciki, tafiyar kusan mita 800 daga bakin kogon. Abin da ke hannunka ɗan kaskon dutse ne da kitsen dabba da lagwani, haskensa bai wuce 'yan taku kaɗan ba. A irin wannan duhu, murya ta fi fitila hangen nesa. Ka yi gyaran murya, amsar da ta dawo za ta gaya maka ko gabanka fili ne, ko rami, ko bango. Makafi masu yawo da sanda suna aiki da wannan ilimi kullum. Saboda haka batun cewa ɗigon jar ƙasa alama ce ta "a nan kogo yake magana" bai zama abin mamaki a wurina ba. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya rarrafa cikin lungu don ya ɗiga ja a wurin da babu mai gani, akwai abin da ya kai shi.

Sai dai hujjar Reznikoff tana da rauni babba, kuma abokan aikinsa ba su ɓoye masa ba. Ma'auninsa muryarsa ce da kunnensa, kuma ya san inda zanen yake kafin ya buɗe baki. Mutum kuwa abin da yake sa ran ji shi kunnensa kan jiyo masa. Akwai kuma matsala ta biyu wadda ta fi wannan zurfi. Bango mai faɗi, mai santsi, mai ɗan lanƙwasa shi ne ya fi daɗin zane, kuma shi ne dai ya fi mayar da sauti. Ke nan ana iya samun zane da amo a wuri guda ko da mai zanen kurma ne.

An ɗauki kusan shekara talatin kafin a gwada maganar da na'ura yadda ya kamata. Wata tawaga da ta haɗa da Bruno Fazenda da Rupert Till da Chris Scarre ta shiga koguna biyar a arewacin Sifaniya: La Garma, Las Chimeneas, La Pasiega, El Castillo da Tito Bustillo, inda wasu alamomin suka kai shekara 40,000. Sun kafa lasifika tana fitar da sauti mai hawa daga mafi kauri zuwa mafi siriri, makirufo na naɗar abin da kogon ya mayar, sannan kwamfuta ta ware halin wurin daga sautin da aka aika. Abin da ya fi muhimmanci, sun auna har da wuraren da babu zane, domin a sami abin kwatantawa. Sakamakon da suka fitar a 2017 bai ba kowane ɓangare abin da yake so ba. Akwai alaƙa, musamman ga ɗige-ɗige da layuka, waɗanda aka fi samu a inda wutsiyar amo take matsakaiciya kuma ake samun ƙugi a sauti mai kauri. Amma alaƙar mai rauni ce a lissafi, kuma su da kansu suka faɗi haka. Ni wannan sakamakon ya fi kwanta mini a rai fiye da duk wani mai cika baki, don ya yi kama da yadda mutane suke: wani ya zaɓi bango saboda amonsa, wani saboda siffar dutsen ta yi kama da ƙugun doki, wani don a nan kakansa ya zana. Kuma kogo ɗaya mutanen da dubban shekaru suka raba ne suka yi masa aiki.

Kogo dai Allah ne ya yi shi, mutum ya tarar. Tambayar ta fi zafi idan aka zo ga abin da mutum ya gina da hannunsa, kuma a nan kowa Stonehenge yake fara ambata. Da'irar duwatsun nan da ke kudancin Ingila an kafa manyan ginshiƙanta wajen shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Matsalar ita ce yau kango ne: da yawa daga duwatsun sun faɗi, wasu an kwashe, ga babbar hanyar mota tana ruri a gefe. Auna sautinsa a yau kamar auna muryar ganga ce bayan fatar ta yage.

Dabarar da Trevor Cox na Jami'ar Salford ya yi ta burge ni. Ya ɗauki ma'aunin duwatsun da aka yi da hasken leza, ya ƙera ƙaramin Stonehenge, kashi ɗaya cikin goma sha biyu na girman na ainihi, da duwatsu 157 kamar yadda masana ke ganin wurin yake wajen shekara 2200 kafin Annabi Isa (AS). Ya kafa shi a ɗakin gwaji wanda bangonsa ke shanye sauti, don ya zama kamar fili. Tunda an rage gini sau goma sha biyu, dole a sirantar da sautin gwaji sau goma sha biyu, har yawancinsa ya wuce abin da kunnen mutum ke ji, sannan a mayar da shi daidai a kwamfuta. Abin da ya wallafa a 2020: duk da wurin ba shi da rufi kuma akwai giɓi tsakanin duwatsu, sauti yakan ja wutsiya ta kimanin daƙiƙa 0.6 a ciki. Falon gida yakan ba da wajen 0.4, babban zauren kaɗe-kaɗe kuma wajen daƙiƙa 2. Murya takan ƙara ƙarfi da kimanin desibel 4, wato ma'aunin ƙarfin sauti, ga wanda ke cikin da'irar. Wanda ke waje kuwa ba ya samun wannan ƙari.

Wannan na ƙarshe shi ya fi ɗaukar hankalina, don magana ce ta mulki. Gini ne da ya ci ƙarfin ɗaruruwan mutane, amma 'yan ƙalilan da aka bari suka shiga tsakiya su ne ke jin abin da ake faɗa da kyau. Sauran jama'a na waje, duwatsu sun tare musu gani sun kuma rage musu ji. Duk wanda ya san bambancin mai zama a zauren farko da mai shiga har soron ciki a fada zai gane wannan tsari. To amma Cox bai ce don sauti aka gina wurin ba. Ya ma kawo hujjar da ke karya hakan: magina sun sha sauya wa ƙananan duwatsun wuri a tsawon ƙarnuka, kuma da ya gwada irin waɗannan sauye-sauye a ƙaramin gininsa, bambancin sautin bai kai wanda kunne zai kama ba. Da amo suke bi, da an ji shi ya sauya. Abin da ya fito fili a tsarin ginin shi ne fuskantar fitowar rana da faɗuwarta a ranakun da ta kai ƙarshen zangonta na bazara da na hunturu.

Akwai kuma inda fannin ya zame, kuma ya kamata a faɗa ba tare da kara ba, domin shi ne ɓangaren da ya fi yawo a intanet. A 1996 wani injiniya daga Princeton, Robert Jahn, da abokan aikinsa suka auna tsoffin ɗakunan dutse shida a Ingila da Ailan, ciki har da Newgrange, wani babban kabari a Ailan wanda aka gina wajen shekara 3200 kafin Annabi Isa (AS). Suka tarar dukkansu suna ƙugi a tsakanin karkarwa 95 zuwa 120 a daƙiƙa, wato ma'aunin Hertz. An sami makamancin haka a Hal Saflieni na tsibirin Malta, makabartar ƙarƙashin ƙasa mai hawa uku da aka sassaƙa cikin dutse, wadda masu haƙar tankin ruwa suka yi kiciɓis da ita a 1902. A can akwai wani ɗaki da in namiji mai kaurin murya ya yi magana a cikinsa sai amon ya gauraye ginin. Sai kuma a 2008 wani likita a Kalifoniya, Ian Cook, ya sa wa mutum 30 na'urar auna aikin ƙwaƙwalwa, ya jiyar da su sautuka daban-daban, ya ga wani sauyi a daidai Hertz 110. Daga nan labari ya yi fiffike: wai mutanen dā sun san wani sirrin lamba 110 mai kai mutum wata duniya, wai da gangan suka daidaita gine-ginensu a kai daga Ailan har Malta.

Lissafi kaɗan ya isa ya sauke wannan labari ƙasa. Masu sauraron rediyo sun saba da maganar zango da mita. Sauti ma yana da tsawon zangonsa. Raba 343 da 110, za ka sami mita uku da 'yan kai. Duk ɗakin da tazarar bangayensa ta kai wajen mita ɗaya da rabi, ko mita uku, zai yi ƙugi a kusa da nan, ko kabarin Ailan ne ko shagon tela. Mutanen da ke rufe ɗaki da falalen dutse ba tare da ƙarfe ko siminti ba, faɗin da za su iya rufewa ke nan. Girman jikin mutum da nauyin dutse su suka yanke girman ɗakin, girman ɗakin kuma ya yanke amon. Gwajin mutum 30 kuwa somin-taɓi ne, kuma ba a cikin kabari aka yi shi ba. Ƙari a kan haka, Newgrange da ake aunawa yau ya sha gyara bayan tonon da aka yi masa daga 1962 zuwa 1975, har da kankare a jikinsa, kuma ɗakunan Malta a zamaninsu cike suke da ƙasusuwan dubban mutane da ƙasa, waɗanda dole su shanye wani abu na amon. Ban ce masu shiga waɗannan wurare ba su ji ƙugin ba. Sun ji, kuma ina kyautata zaton ya girgiza su, wataƙila ma sun yi aiki da shi a ibadarsu. Amma tsakanin "sun ji" da "don shi suka gina" akwai kogi, kuma ma'aunin sauti shi kaɗai ba ya haye da mutum.

Abin da ke haye da mutum shi ne sawun hannu. A 1931 an tsinci wani babban ƙoƙon dodon-koɗin teku, tsawonsa santimita 31, a bakin kogon Marsoulas na Faransa. Aka ɗauka ƙoƙon shan ruwa ne, aka ajiye shi a gidan tarihi na Toulouse shekara tamanin da wani abu. Da Carole Fritz da tawagarta suka sake duba shi, suka ga tsinin bayansa, wanda shi ne mafi tauri a jikinsa, da gangan aka fasa shi aka yi kafar busawa. An daddatse leɓensa an daidaita. A cikinsa kuma ga ɗige-ɗigen jar ƙasa irin waɗanda ke bangon kogon. Suka miƙa wa wani mabushin ƙaho, ya kafa baki, sai ga murya uku sun fito daga abin da ya yi shiru shekara kusan 18,000. An sanar da wannan a 2021. A nan babu shaci-faɗi: ga kayan busa, ga kogon da aka same shi, ga zanen da ya haɗa su.

Chavín de Huántar da ke tsaunukan Peru, sama da mita 3,000 daga doron teku, ya fi haka ma. Wurin bauta ne da ya yi tashe daga wajen shekara 1200 zuwa 500 kafin Annabi Isa (AS), cike da lunguna masu duhu a cikin gini. A 2001 tawagar John Rick ta Jami'ar Stanford ta tono ƙahonin dodon-koɗi guda 20 a lungu ɗaya, an yi musu ado, jikinsu ya yi sulɓi saboda daɗewa a hannu. Miriam Kolar ta auna wata kafa da ta taso daga lungun da gunkinsu na dutse yake tsaye zuwa dandalin da jama'a ke taruwa, ta gano kafar tana wuce da sautin da ya yi daidai da muryar waɗannan ƙahoni, tana danne wasu. Ta kuma zaunar da mutane a cikin lungunan ta tambaye su daga ina sauti ke zuwa, suka riƙa nuna inda ba nan ba. Kayan busa, da gini, da kunnen mutum duk sun ba da shaida iri ɗaya. Irin wannan ne nake kira hujja.

A wannan ma'auni, ɗaya daga cikin shaidu mafi ƙarfi a duniya yana Birnin Kudu ta Jihar Jigawa, kuma ya riga Reznikoff shiga littattafan masana da fiye da shekara talatin. A watan Yunin 1955 Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos kuma ya fito da gumakan Nok ga idon duniya, yana aiki a kan zanen shanun da ke duwatsun garin, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, shanu marasa tozo, ba irin waɗanda Fulani ke kiwo a yankin yau ba. A kusa da zanen ya lura da wasu falalen duwatsu da jikinsu ya lotsa wuri-wuri, ramuka masu santsi kamar an daɗe ana daka a kansu. In ka ɗauki ɗan dutse ka buga a cikin ramin, sai ka ji amo kamar na ƙarfe, kamar an kaɗa kuge. Ka matsa taki ɗaya ka buga a wani ramin, muryar ta sauya. A 1956 ya wallafa bayaninsu, kuma daga nan ne masana suka fara neman irin waɗannan duwatsun kiɗa a sauran Afirka da wajenta.

Dalilin amon ba boyayye ba ne ga matar da ta taɓa sayen tukunya a kasuwa. Takan ɗaga ta da hannu ɗaya, ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa: in ta yi ƙara mai tsawo lafiyayya ce, in ta yi "ɓas" akwai tsaga. Falalen dutsen da zafin rana da sanyin dare suka ɓamɓare daga uwarsa, ya zauna a kan wasu duwatsu yana taɓa su a wurare kaɗan, ba shi da tsaga a ciki, shi ma haka yake karkarwa in an buge shi. Dubban duwatsu na kwance a wurin, kaɗan ne ke da murya, kuma a kan waɗannan kaɗan ɗin ramukan suke. Babu buƙatar lissafin alaƙa mai rauni ko mai ƙarfi: kowane rami sawun bugu ne, kuma dutse mai taurin wannan ba ya lotsawa sai an sha shekaru ana dukansa. Abin da ramin ba ya faɗa shi ne shekarunsa, domin ba ya barin gawayi ko ƙashin da za a kai ɗakin gwaji, kuma hannun jiya da na shekara dubu a rami ɗaya suke sauka. Fagg ya ga kusancin duwatsun kiɗan da zanen ya yi yawa a ce haɗuwa ce kawai. Irin tambayar da aka kwashi na'urori aka kai Sifaniya dominta ke nan, kuma abin da nake fata shi ne sassan binciken kufai na jami'o'inmu su naɗi muryar kowane ɗaya daga waɗannan duwatsu, su auna iya nisan da take kaiwa a cikin sarari, tun kafin mai fasa dutsen gini ya iso gare su da guduma, don a idonsa dutse dutse ne.

A Sudan an ga yadda irin wannan asara take. A yankin gangarar Nilu ta huɗu, inda kogin ke kutsawa ta cikin duwatsu, wata masaniya Bajamushiya, Cornelia Kleinitz, ta yi rajistar duwatsun kiɗa masu ɗimbin yawa, da dama a gefen zanen shanu kamar na Birnin Kudu, tana tsere da aikin madatsar ruwa ta Merowe. Ta buga su, ta naɗi muryarsu, ta zana inda kowanne yake fuskanta. An kammala madatsar a 2009, tafki ya haɗiye kwarin. An ciro kaɗan daga cikin duwatsun kafin ruwa ya iso, ɗaya yana gidan tarihin Birtaniya a Landan, waɗanda ba a ciro ba kuwa suna ƙarƙashin ruwa tare da tsaunukan da suke mayar musu da amsa.